"Mama, wannan ba abincinmu ba ne"

Wata uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na ɗauko tandar masa sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Makarantar yaranmu a nan Manchesta ce ta aiko takarda cewa za a yi ranar al'adu, kowane yaro ya zo da kayan ƙasarsu da abincin ƙasarsu. Ban tsaya tambayar kowa ba. Daren Laraba na jiƙa shinkafa, ranar Alhamis na niƙa, na zuba yis, na rufe ƙullun na tura shi kusa da hita, don sanyin garin nan ba ya barin ƙullu ya tashi da kansa. Ina idar da sallar asuba ranar Juma'a na ɗora tandar da Inna ta aiko min daga Katsina a hannun wata baiwar Allah. Masa hamsin na soya, ina ƙirgawa. Miyar taushen ma ba gyaɗa na yi ta, tunda an hana shiga makaranta da duk abin da ke da gyaɗa saboda yaran da take yi wa illa. Na sa atamfata ta sallar bara, na kafa ɗauri, na yafa mayafi, na tura auta a kekensa da kula biyu a ƙarƙashi.

A zauren an jera tebura, kowanne da tutarsa: Pakistan, Somaliya, Romaniya, Indiya. Na hango kore da fari, wata Bayarabiya tana zuba dafa-duka, na nufi can kai tsaye. Ban kai ba 'yar farina ta taho da gudu ta riƙe min hannu, ta ja ni wani tebur mai tuta ja da rawaya. Sunanta na nan a rubuce a kati. A tsakiyar teburin ga wainar ƙwai da dankali irin ta Sifaniya, an yayyanka, wata mata 'yar Balansiya ce ta kawo, ɗanta ajinsu ɗaya. Na buɗe kula. Yarinyar nan ta leƙa, ta dube ni, ta sauke murya ta ce da Sifaniyanci: "Mama, wannan ba abincinmu ba ne."

Da Sifaniyanci ta faɗa don kada ƙawayenta su ji. Ta manta matar da ke tsaye kusa da mu yarenta ne.

Matar ba ta yi min komai ba sai alheri, wannan kam zan faɗa. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta tambaye ni daga wane gari muka zo. Da na buɗe baki na amsa sai ta dafa ƙirji ta ce ai ba sai na faɗa ba, harshena ya nuna ni 'yar Andalus ce, can kudancin Sifaniya, yadda nake haɗiye ƙarshen kalmomi. Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji daɗi, don harshen nan da gumina na koye shi. Ta ɗauki masa ɗaya ta ci, ta yaba. Malamar ajin ta zo ta ga ni da atamfa a ƙarƙashin tutar Sifaniya, ta tambaya cikin ladabi ko na yi ɓatan tebur ne. Ban san me zan ce mata ba. Na rufe kulata na koma bakin bango na tsaya har aka tashi. Masa arba'in da shida na dawo da su gida.

A hanya ban yi mata magana ba. Ni da ko sunanta ba na kira saboda kunyar 'yar fari, ta yaya zan zauna in ce mata kin ƙona min rai?

Da daddare na faɗa wa Babansu, ina sa ran zai kira ta ya yi mata faɗa. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce: "To ƙarya ta yi? A ina aka haife ta? Wane fasfo ne a jakarki?" Na ji haushinsa sosai a daren. Har yanzu ma ban gama hucewa ba, amma na kasa cewa ba gaskiya ya faɗa ba.

Shi ya fara tafiya tun kafin mu yi aure. Ya yi shekaru ba takarda yana aiki a gonakin leda na Almeriya da ke kudancin Sifaniya, sai a 2005, lokacin gwamnatin Firaminista Zapatero, da aka halatta zaman baƙi masu aiki ya samu tasa. Ni na iske shi a 2011, a garin Roquetas de Mar. Wanda bai ga gonakin nan ba ba zai gane ba. Fiye da hekta 30,000 ne a lulluɓe da farar leda, tun daga gindin duwatsu har bakin teku, tumatir da tattasai da kokwamba. Shi yana cikin ledar da zafin da ya fi na Katsina a watan Afrilu, ni kuma daga baya na samu aiki a shagon da ake tantance kayan ana zubawa a kwali, tsaye tun safe, hannu ba ya hutawa. A 2013, shekarar da marasa aiki suka haura kashi 26 cikin ɗari a ƙasar, a shekarar na haifi yarinyar nan. Ƙaninta ya biyo a 2016.

Shekara goma ta zama da takarda ake nema kafin mutum irinmu ya nemi zama ɗan ƙasa. Ya cika, ya nema, aka ba shi bayan dogon jira. Ni na bi bayansa a matsayin matarsa. Na zauna jarrabawar harshe, na zauna ta sanin ƙasa mai tambaya 25, na ci duka biyun, ni da karatuna bai wuce sakandare ba. Ranar rantsuwa na yi alkawarin biyayya ga Sarki da tsarin mulki, sannan aka ce in furta cewa na bar ƙasata ta asali. Na furta. Na fito ina murna, na kira Inna na ce mata an ba ni, ta yi ta sa albarka. Ban faɗa mata wancan ɓangaren ba. Ranar al'adun nan, ina tsaye a bakin bango, maganar da na furta da bakina ce ta dawo min.

Ba don mun ƙi Sifaniya muka baro ta ba. Aikin na kaka ne, in kaya sun ƙare a zauna, kuma Babansu ya rantse 'ya'yansa ba za su shiga leda ba. Ya ce su zo su samu Turanci. Ya riga mu zuwa a 2019, muka biyo shi a Satumban 2020, ana tsakiyar korona, muna sauri don ranar 31 ga Disamba ƙofar shigowa ta 'yan Tarayyar Turai za ta rufe. A matsayin 'yan Sifaniya muka shigo, a haka aka rubuta mu a asibiti da makaranta, a haka aka ba mu izinin zama.

Ni duk a zatona in yaro ya yi kewa, gida zai yi kewa, kuma gida Katsina ce. Ashe ba haka ba. Yarinyar nan shekararta bakwai muka taso, tun tana shekara uku take makaranta a can, ƙawayenta duk suna can. Hunturun farko a nan, da ƙarfe huɗu na yamma ta ga duhu ya rufe a watan Disamba, sai ta tsaya a taga tana kuka tana cewa a mayar da ita bakin teku. A can in an taso makaranta an ci abinci, da la'asar sai kowa ya fito fili, iyaye a kan benci, yara suna guje-guje har tara, har goma na dare in bazara ce. Wannan ya yi min kama da gida, shi ya sa ban taɓa jin kaɗaici sosai a can ba. A nan ƙarfe bakwai an kwantar da yara. Satinmu na biyu maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce hayaniyar yarana da ƙarfe tara tana hana nata barci. A lokacin ko abincin dare ba mu ci ba. Na ba ta haƙuri da ɗan Turancin da nake da shi, na rufe ƙofa na zauna a matakala.

Har yau ranar 6 ga Janairu sai yarinyar ta tuna min cewa yau yaran Sifaniya ke karɓar kyauta, jiya da yamma an yi jerin gwano ana watsa alewa a titi. Mu ba ma yin bikin, ta sani, amma alewar kam ta tsinta tun tana goye. Daren sabuwar shekara ita da ƙaninta sai sun nemi inabi goma sha biyu. In haƙorinta ya fita, ƙarƙashin filo take sa wa, wai ɓera zai zo ya ɗauka ya ajiye kuɗi. Ni kan rufin ɗaki muke jefa namu.

Ni ma fa ina kewar can, kada in ɗora mata duka. A Fabrairun 2023 da tumatir da tattasai suka yi wuya har manyan kantuna suka ƙayyade adadin da mutum zai saya, na ɗauki ƙunshin tattasai uku, ja da kore da rawaya, na juya na ga an rubuta Sifaniya. Na daɗe ina riƙe da shi. Na san hannun da ya zuba shi, na san ciwon bayan da ke cikinsa. Na so in tare matar da ke kusa da ni in ce mata ni na yi wannan aikin shekara shida.

Gidanmu yanzu harshe uku ne. Ni da Babansu Hausa. Manyan biyu in suna faɗa ko suna sirri Sifaniyanci. Auta da aka haifa a nan Turanci ne kawai a bakinsa, sai "a'a" da "ruwa". In na yi musu Hausa suna ji, amma amsar da wani harshe take dawowa. Laifina ne ko na wa? A can ina fita aiki kafin su tashi, in dawo a gajiye, abin da ya fi sauri shi nake yi musu. Ban san ina tara wa kaina bashi ba.

Inna ce ke ba ni tausayi. Duk Lahadi bayan la'asar ƙanina yake riƙe mata waya mu yi hira ta WhatsApp. Da ta ga fuskar yarinyar sai ta washe baki: "Kishiya! Kin ƙwace min miji kin gudu da shi Turai ko?" Yarinyar ta yi murmushi ta ce "lafiya lau", ta juyo ta dube ni in fassara. Ta yaya ake fassara wasan jika da kaka? Na gwada sau ɗaya, ta ce min me ya sa kakarta za ta ce mata haka. Inna ta ci gaba da zolayarta ita kaɗai, ta yi tambaya ta ba kanta amsa, can ta ce: "To ba ni uwarki." Sau ɗaya tak ta taɓa riƙe ta, tana da wata goma sha ɗaya. Mazan biyu ba ta taɓa ganinsu ido da ido ba.

Abu ɗaya ke faranta mata. A Sifaniya yaro sunan iyali biyu yake ɗauka, na uba da na uwa, don haka sunan marigayi Baba yana cikin fasfon kowannensu. Ranar da na nuna mata ta waya sai da ta sa ƙanina ya karanta mata sau biyu. Ta ce ko jikokinsa na gida ba su samu wannan ba.

Idonta na hagu yanzu yana ba ta wahala, an ce sai an yi aiki. Yayata da ke aure a Funtuwa ita ke zuwa ta kwana biyu ta koma. Bikin ƙanwarmu ta waya na gani, ana kamu ina wanke-wanke. Rasuwar Gwaggo ma ta waya. Kuɗi nake turawa, kuma na san suna amfani, rufin ɗakin Inna da su aka canza, amma ba ni ce ke riƙe mata buta ba. In na ce zan ɗauki yaran mu je mu daɗe, makaranta ba ta yarda sai lokacin hutu, in ka ɗauke yaro ba izini tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, uwa daban uba daban. Hutun bazara kuma sati shida ne, lokacin da tikiti ya fi tsada, mu kuma mu biyar ne. Na shiga adashe da matan unguwarmu, ɗaukata ta faɗo watan Mayu.

Da na faɗa wa yaran cewa in Allah ya yarda bana za mu je gida, yarinyar ta yi tsalle ta rungume ni, ta fara lissafa ƙawayen da za ta gani da wurin da za ta sha askirim. Sai da ta ga fuskata ta tsaya. Ta ce: "Au, gidan Inna?" Na ce e, gidan Inna. Ta ce to, ta koma ɗaki a hankali.

Lahadin da ta biyo bayan ranar al'adun, Inna ta tambaye ni ko Turawan sun ci masar, don na riga na faɗa mata tun ina jiƙa shinkafa. Na ce sun ci. Ta ce ai dole, tandar nan tun ta kakata ce, ba ta taɓa kama masa ba. Ta ce ta sa an ajiye mata shinkafa 'yar gida kwano biyar, ba wanda zai taɓa, sai kishiyarta ta zo ta soya mata da hannunta ta ga ko za ta iya cinye goma.