Tarihin Rayuwata (17): Shekarar da Maigida ya yi gudun Legas

Makon jiya na tsaya a rasuwar Inna. Shekarun da muka yi a gidan haya na unguwar Zariya a nan Maradi zan tsallake su, babu abin faɗi a ciki sai haihuwa da biyan kuɗin lakkwal. Abin da ke cina shi ne maganar Baffa.

Lokacin da likita ya ce wa Maigida suga ya kama shi, sai ya rage tuwo, ya riƙa motsa jiki, tafiya ya fara yi bayan sallar asuba. Tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu a hanyar Tibiri. Ranar sunan ɗiyar Yaya, gaban mutane, Baffa ya ce: "Magidanci ba ya gudu sai in bashi ya biyo shi." Aka yi dariya. Shi Maigida ya sunkuyar da kai don Baffa uba ne. Ni ce na kwana da ita a ƙirji, don a gidan biki mata ni suke kallo. Wai na bar mijina yana zubar da girma a titi kamar yaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baffan nan ba ya fashin kallon kokowa. Har gobe yana ba da labarin yadda Kantu ya kawo wa Maradi takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Namiji ya tuɓe ya shiga fili da laya a damtse, wannan jarumta ce, amma ɗan ɗan'uwansa ya nemi lafiyarsa da dogon wando, ya zama abin kunya.

Da Maigida ya ce zai shiga gudun Legas na watan Fabrairu 2019, kilomita 42 da mita 195, ban ce masa a'a ba. Wanda ya taka daga Maradi zuwa Madarunfa da ƙafa ma bai kai wannan nisan ba. Duk Lahadi da hunturu nakan tashi kafin kiran farko in dama kunu, in ɗaure dabino a leda, in hau kabu-kabu da jarkar ruwa in bi shi. Ƙura ta fasa masa leɓe, ni nake shafa masa man kaɗanya a ƙafa da dare. Takalmin gudun ma da kuɗin adashina aka saye shi a gwanjo, kuma har yau dangin nasa ba wanda ya sani. To yanzu sun sani.

Ta Ɗan Isa muka fita, Jibiya, Katsina, Kano, sannan doguwar mota zuwa Legas. A Agege muka sauka wurin ƴan gida. Daga baya nakan tuna cewa a watan Agusta na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, da mun ce sai baɗi da shi ke nan. Yaya kuwa abin da ta yi ta faɗi kenan, wai a bari sai baɗi, tana nufin a bari har abada.

Iskar Legas ce ba mu yi lissafinta ba. A Maradi gumi yana fita yana bushewa, jiki ya huce. Can iska jiƙe take, gumin sai ya tsaya a jiki, zafi ya taru. Daga filin wasa na Surulere aka tashi da sassafe, suka hau doguwar gadar nan da ke bisa ruwa, mai kusan kilomita 12, ba inuwa ko ta sanda. Ni ina can Eko Atlantic inda ake ƙarewa. Ƴan Habasha da Kenya suka iso cikin awa biyu da ƴan mintuna, aka yi ta shewa, jama'a suka fara watsewa, ni ina tsaye da carbi. Ya gaya mini wajen kilomita 30 ƙafafunsa suka ƙi, don a nan ne ƙarfin da jiki ya ajiye daga abinci yake ƙarewa. Dabinon da na cusa masa a aljihu ya ci, ya taka a hankali, ya sake ɗagawa.

Rana ta take sosai na hango shi yana ɗingishi. Na manta da mutane, na ce: "Malam, ga ni nan, ƙaraso!" Ya ƙaraso. Wallahi ko ranar aurena ban ji abin da na ji ba.

Bashi ya biyo shi, in ji Baffa. Mutumin da bai taɓa cin dala ta wani ba. Da muka dawo Maigida ya ɗauki lambar da aka rataya masa ya kai wa Baffa har zaure, ya durƙusa. Baffa ya jujjuya ta, ya ce nawa aka ba ka, da ya ji ba ko sisi sai ya miƙo masa abinsa. Maigida ya ce in bar maganar, ya yafe. Shi ya yafe. Ni da na sha ƙurar hanyar Tibiri bisa babur ban kai can ba tukuna.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka yi rabon gonar Inna, da abin da Yaya ta yi mana a kai.