Mai jan baya ta ƙarƙashin katako na 14

Ranar da na fara ɗaga katako a wani daji na arewa maso gabashin Amurka, abin da na gani kwance a ƙarƙashi sai na ɗauka 'yar kulɓa ce. Siririya, tsawonta bai fi ɗan yatsana ba, da wani jan layi tun daga ƙeya har wutsiya. Malamar da ke jagorantarmu ta ce ai ko kusa ba dangin ƙadangare ba ce, 'yar'uwar kwaɗo ce. Salamanda mai jan baya ake ce mata, masana kuma suna kiranta Plethodon cinereus. Ba ta da ɓawo a jiki, ba ta da farce, fatarta kullum a jiƙe take.

Aikinmu ba wani mai wuya ba ne. An shimfiɗa katakai a ƙasan daji, kowanne da lambarsa. Mu ɗaga, mu ƙirga, mu auna, mu mayar. A katako na 14 na yi ɓarnata ta farko. Wata salamanda ta zabura za ta shige cikin ganye, ni kuma na kai hannu na cafko wutsiya. Sai ga wutsiyar ita kaɗai a hannuna tana ta mutsu-mutsu, mai ita ta yi gaba. Dabararta ke nan idan maciji ko tsuntsu ya kama ta, ta bar masa jela ya shagala da ita. Na yi dariya, malama ba ta yi ba. Ta ce a cikin wutsiyar nan take tara kitsen da za ta ci moriyarsa, na raba ta da guzurin watanni ke nan.

Daga nan ta dubi hannuna ta ce, "Me ka shafa?" Na ce maganin sauro. Ta sa na je na wanke tas, na jiƙa hannu, sannan ta ba ni 'yar leda mai ɗan ruwa a ciki, ta ce a nan ake auna su. Dalilin shi ya fi komai ba ni mamaki: wannan halitta ba ta da huhu sam. Da fatarta da cikin bakinta take numfashi, kuma sai da danshi iska ke ratsawa. Duk abin da ke hannunka, gumi ne, mai ne, magani ne, jikinta zai shiga. Busasshen tafin hannu mai ɗumi kuwa, a wurinta daidai yake da shaƙewa. Shi ya sa da rana ba ka ganinta. Sai dare ya yi, musamman bayan yayyafi, take fitowa farautar ƙananan tururuwa da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye. Idan fari ya yi tsanani ko sanyin hunturu ya sauko, sai ta nutse cikin ƙasa.

Kafin wannan aiki na sha ratsa dajin ban taɓa ganin ko ɗaya ba, ashe a kansu nake tafiya. A binciken da wasu masana biyu, Burton da Likens, suka wallafa a 1975 kan dajin Hubbard Brook na jihar New Hampshire, sun gano cewa idan aka haɗa nauyin salamandojin wurin, ya kai kusan ninki biyu na nauyin tsuntsayen dajin a lokacin da suke sheƙa, kuma mafi yawansu wannan mai jan bayan ce. Wasu ma ba su da jan layin, baƙi-baƙi suke kamar dalma, alhali jinsinsu ɗaya.

A watan Yuli na ɓantare gefen wani ruɓaɓɓen gungume, ba da izinin kowa ba, son gani ne kawai. A cikin wani ɗan kogo na tarar da ƙwai fari-fari guda 7 a dunƙule, rataye daga sama, uwar ta naɗe jikinta a kansu. Ba ta gudu ba. Haka take zama kusan wata biyu, da ƙyar take cin abinci, tana kare su daga bushewa da masu ci. 'Ya'yan ba sa bi ta ruwa kamar na kwaɗo, daga cikin ƙwai suke fitowa da ƙafafunsu huɗu. Na lallaɓa na mayar da ɓantaren, amma itacen da ya ruɓe ba ya komawa yadda yake, kuma ban sake yin gangancin leƙawa ba.

Mayar da katako ma da ƙa'idarsa. Ba a kifa shi a kanta. Sai ka ajiye shi daidai inda yake, sannan ka sake ta a bakinsa ta shige da kanta. Suna da kishin muhalli, kowacce tana sa wa wurinta alama da ƙanshin jikinta, tana kuma korar baƙuwa.

Da muka koma a watan Oktoba, na ɗaga na 14 da jiƙaƙƙen hannu. Akwai wata a kwance, jan layinta ya tsaya a tsakiyar wutsiya, daga nan sai wani ɗan guntun tsiro mai launin toka.