Agogon awa a tsohuwar Datsun 240Z: inda aiki ya tsaya

'Yan uwa masu koyo, agogon awa, wato mai ƙirga awoyin da injin ya yi yana aiki, ya hau kuma yana ƙirga. Ga yadda aka bi.

Motar Datsun 240Z ce, mai injin L24, silinda shida a jere, lita 2.4. Irin waɗannan motoci a nan Jidda sun fi zama a garaji fiye da hawa titi. A tayar da ita ta yi silo, ko ta tsaya cikin cunkoso a zafin da ya haura digiri 40: baƙin mai yana dahuwa, mitar kilomita kuwa ba ta motsa ba. Agogon awa ne zai nuna lokacin juyen baƙin mai na gaskiya.

An ɗauki mai zagaye, faɗin milimita 52, mai aiki da bolt 12. Lambar ƙarshe kashi ɗaya ce cikin goma na awa, wato minti 6. Ba a huda dashbod ba, tsohon dashbod irin wannan ba a wasa da shi. Ƙaramin ƙarfe aka lanƙwasa aka ɗaure agogon a ƙasa, inda rana ba ta dukansa.

Wuyar aikin duka tana wajen inda za a ɗauko wuta. In ka haɗa kai tsaye da wayar makulli, duk lokacin da aka murɗa makulli zai yi ta ƙirga ko injin a mace yake. Kada kuma a taɓa wayar kwayil. Akwai rezista a gabanta da ke rage wutar, kuma agogon juyin injin na wannan motar ta wannan layin yake karatu, ƙarin kaya na iya rikita shi.

Abin da ya fi shi ne makunnin matsin mai. Amma a kula wajen saye: na fitilar gargaɗi, wanda ya cika shagunan sana'iyya (unguwar makanikai) da tashlih (inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci), a haɗe yake idan babu matsi, yana yankewa idan mai ya hau. Akasinsa ake so, mai baki biyu, wanda ke haɗewa da zarar matsi ya kai wajen psi 5 (psi ma'aunin matsi ne). Ku gwada da mitar gwajin wuta a gaban mai shago. Tunda babu matsi a kansa, bai kamata ya nuna haɗi ba.

Sensar mai tana gefen dama na injin, kusa da filtar mai. Ana cire ta a sa mahaɗa mai baki uku, sensa a baki ɗaya, makunni a ɗaya. Nan ne mutane ke ɓata bulok. Zaren ramin 1/8 BSPT ne, wato ma'aunin zare na Birtaniya, zare 28 a inci. Kayan Amurka 1/8 NPT ne, zare 27. Na Amurkan zai shiga zagaye biyu kamar ya dace, sai ya cije, in ka matsa da sifana ka cinye zaren, mai ya riƙa tsiyaya. A nemi adafta mai haɗa zaren biyu. Kuma kada a rataya mahaɗar da nauyinta a jikin bulok, girgiza tana tsinke tagulla. Gajeren tiyo mai jure matsi zai kai ta jikin bodi a ɗaure ta can. Sensar ta zarenta take samun bodi, wato hanyar komawar wuta, don haka a ja wa mahaɗar baƙar waya zuwa injin, in ba haka ba gejin mai zai kwanta.

Wayar kuwa: daga layin makulli zuwa fiyus na amfiya 1, zuwa makunni, zuwa bakin agogo mai alamar tarawa, ɗaya bakin a bodi. A ba shi fiyus nasa daban, akwatin fiyus na 240Z ya yi suna wajen zafi har ya narke. Kowace mahaɗar waya a rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi, domin danshin Bahar Maliya mai gishiri ba ya barin tagulla tsirara.

Gwaji: makulli a buɗe, injin a kashe, agogo shiru. An tayar, minti 6 lambar ƙarshe ta juya sau ɗaya. Saura a sake duba mahaɗar nan mai baki uku bayan injin ya yi zafi ya huce, ko akwai jiƙewar mai.