Kamu uku, da fushin da ya jira shekara tara

Duk wanda ya iya riƙe jita zai iya buga waƙar Que País É Este (ma'ana, wace irin ƙasa ce wannan) ta Legião Urbana, ƙungiyar mawaƙa ta Brazil, a ranar farko. Kamun tsirkiya uku ne kacal, Em da C da D, suna ta zagayowa har waƙar ta ƙare. Sauƙin nan ne ya ja ni na fara koyonta, kuma hannuna na hagu bai sha wata wahala ba.

Aikin yana hannun dama. Dole bugun ya riƙa sauka ƙasa da nauyi iri ɗaya, gefen tafin hannu na ɗan danne tsirkiyoyin kusa da gindinsu don kada sautin ya bazu. Da wuyan hannu ya fara gajiya sai ka ji ka soma sauri, kuma da ka yi sauri waƙar ta zube. Na koma ina bin gangar makaɗin ƙungiyar, Marcelo Bonfá, kaɗai, ina buga ƙafa a ƙasa, kafin na sake ɗaukar jitar. Kiɗan kamar daka yake a turmi: ba ado ake nema ba, taɓarya ta sauka a kan lokaci.

Tarihinta ne ya fahimtar da ni dalilin wannan tsauri. Renato Russo, mawaƙin ƙungiyar, ya rubuta ta a 1978 a Brasília, yana ɗan shekara 18, cikin ƙungiyarsa ta farko, Aborto Elétrico, samarin da kiɗan punk na Ingila da Amurka ya ɗauke wa hankali. Sojoji ke mulkin Brazil tun 1964. Yaro a babban birni, majalisa na kusa da shi, yana cewa ƙazanta ta cika ko'ina, daga unguwannin talakawa har majalisar dattawa, sannan yana ta nanata tambaya ɗaya a amshi: wace irin ƙasa ce wannan? Mai irin wannan magana ba ya buƙatar kamu na huɗu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba a fitar da ita a faifai ba sai 1987, shekara biyu bayan sojoji sun sauka, ana tsaka da rubuta sabon tsarin mulki, tsadar kaya na cin mutane. Gwamnati ta canza, amma tambayar ta zauna daram.

Rerawar ce har yanzu nake fama da ita. Muryar Renato mai kauri ce, daga ƙirji take fitowa, kuma a baitoci ba ya ihu, riƙe fushin yake yi sai an zo amshi. Ni tawa siririya ce, don haka na sassauta tsirkiyoyin duka da mataki ɗaya, nake kuma rera baitocin kusan kamar magana, in tara numfashina domin amshin.