Dubu 200 ɗina da tambayar da Yaya ya yi min

Wani abokina da muka yi sakandare tare ne ya saka ni a wani guruf, ya ce na wani kamfani ne na hada-hadar hannun jari, kai dai ka zuba kuɗi su kuma ƙwararrunsu su riƙa saye da sayarwa, duk wata a ba ka kashi 30 cikin ɗari. Guruf ya cika maƙil, kullum da asuba sai ka tarar da skirinshot na alat sun fi hamsin, kowa na ta Alhamdulillah an biya ni. Har satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suka turo mana da hoton ofis mai gilasai.

Na fara da dubu 50 don gwaji. Wata na cika kuwa sai ga dubu 65 a asusuna. Wallahi wannan alat ɗin shi ya kashe min duk wani tunani, don daga ranar ban ƙara tambayar komai ba, na kwaso dubu 200 daga jarin shagona na kayan waya na zuba, har na fara lissafin sayar da mashin ɗina in ƙara.

Zancen mashin ne ya kai ni wajen Yaya, don shi ya taimaka min na saya. Ya daɗe yana sayen hannun jari tun ana kiran kasuwar NSE kafin ta koma NGX a 2021. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To Auta, hannun jarin wane kamfani suka saya maka? Ina lambar CSCS ɗinka?" Na yi shiru, ni ko sunan ban taɓa ji ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna min nasa, ga Dangote Cement ga MTN ga Jaiz, kowanne da adadinsa da sunansa ɓaro-ɓaro. Ya ce duk wanda ya sayi hannun jari na gaskiya a Najeriya ta hannun dillali mai lasisi, sai an buɗe masa asusu a CSCS, can ake ajiye masa kayansa da sunansa, ko dillalin ya rufe kayan na nan. Ni kuwa abin da nake da shi lambobi ne kawai a manhajarsu, kuma su ke rubuta lambobin da hannunsu.

Sai ya ce in kawo kalkuleta. Dubu 100 a kashi 30 duk wata, in kana mayar da ribar, a shekara ɗaya ta haura miliyan 2 da dubu 300. Ya ce in da akwai mai wannan dabarar me zai yi da dubu 50 ɗinka, ai banki zai je ya ciwo bashi ya yi shiru da bakinsa. Kuma hannun jari yau ya hau gobe ya faɗi, ba mai iya yi maka alkawarin riba tsayayya, ribar da kamfani ke rabawa ma sau ɗaya ko biyu ne a shekara, wata shekarar ba a bayarwa sam.

A daren muka shiga shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, akwai jerin duk masu lasisi, muka rubuta sunan kamfanin ta kowace fuska, babu. Satifiket ɗin CAC da nake taƙama da shi ashe rajistar suna ce kawai, ko mai gidan burodi yana da ita, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ne. Wani abin da ya ƙara sanyaya min jiki, da na duba alat ɗin turawa sai na ga asusun wani mutum ne na tura wa, ba ma sunan kamfani ba. Abin yana gabana tun farko ban kula ba.

Washegari na nemi cire kuɗina duka. Aka ce ana gyaran manhaja. Bayan kwana huɗu aka ce sai na biya kashi 10 na haraji kafin a saki. Yaya ya ce ko sisi kar ka ƙara, da haka ake tatse ragowar. Na rubuta a guruf cewa jama'a ku tambayi lambar CSCS, ko minti biyar ba a yi ba aka cire ni.

Abin da ya fi ci min rai mun ga damfarar MMM a 2016, ita ma kashi 30 ɗin ce, mun ga rushewar CBEX a watan Afrilun 2025 da alkawarinta na ninka kuɗi a kwana 30, amma da aka canja suna aka ce hannun jari ne sai na ɗauka wani abu ne daban. Dubu 15 ɗin da na ci a farko kuwa kuɗin wani bawan Allah ne da ya shigo bayana, wannan har yau yana damuna.

Abokina ban riƙe shi a zuci ba, shi kuɗin aurensa ya zuba, kuma ya jawo ƙannensa mata biyu saboda kwamishan ɗin da ake ba wanda ya kawo mutum. Mun kai ƙorafi SEC da EFCC tare, da skirinshot da lambar asusun da muka tura wa. Dubu 200 dai ba su dawo ba, mashin yana nan, da shi na je na sanar da Gwaggo kar ta saka kuɗin adashinta, don ni na fara yi mata tallar abin tun ranar da alat ɗin farko ya shigo.