Laraba, 1 ga Oktoba: Ranar da Na Bar wa Yaro Gona

Yau hutu ne a duk faɗin Najeriya saboda cikar ƙasar shekara 65 da samun 'yancin kai, kuma da safe na ji a rediyo cewa ranar ta zo daidai da Ranar Tsofaffi ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1990. Ina ɗan shekara biyar aka sauke tutar Ingila, saboda haka yanzu ina cikin waɗanda ake nufi da wannan rana, kuma na gode wa Allah da ya kawo ni.

Sallar asuba a kan kujera na yi ta, a gefen sahu, domin gwiwata ta dama ta daina yarda da sujada tun damina. Da farko abin ya yi mini nauyi a zuciya, amma malamai sun tabbatar cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, kuma ladansa bai ragu ba. Suratur Rum ma ta faɗi yadda mutum yake farawa da rauni, ya samu ƙarfi, sannan ya koma ga rauni da furfura.

Da hantsi babban ɗana ya shigo zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo maganar gyaɗar da za a cire a makon nan. Ra'ayinsa shi ne a sayar da rabi nan take don a biya kuɗin makarantar yara, a ajiye sauran har farashi ya ɗaga bayan kaka. Ni da a da ne, sai na ce a ajiye duka, domin na saba ganin yadda gyaɗa take faɗuwa warwas lokacin da kowa ya kai tasa kasuwa. Na buɗe baki zan faɗa, sai mahaifiyarsa daga ƙofar tsakar gida ta ce, "Malam, shi ya yi huɗa, shi ya yi noma, ka bar shi ya yanke." Na dube shi da kyau, na ga furfura ta fara fito masa a gemu, na ce masa daga yau gonar nan tana hannunsa, shuka da girbi da sayarwa, ni nawa addu'a ne da shawara idan ya nema. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Da ya fita na ji kamar an sauke mini dami daga ka.

Na shiga aikin koyarwa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na bar aiki a 2011 bayan cika shekara 35 da doka ta yanka. Tun daga 2022 an ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 40 ta aiki ko 65 ta haihuwa, kuma ina taya su murna, sai dai a ganina ajiye alli bai kai ajiye iko wuya ba. Mutumin da ya saba a tashi tsaye idan ya shigo aji yakan so ya ci gaba da mulkin gida har ya gajiyar da 'ya'yansa, kuma na ga dattawa da yawa a Zariya da wannan hali ya hana su kwanciyar hankali, alhali suna da masu ɗauke musu komai.

Bayan la'asar na je duba wani tsohon abokin aikina da aka cire wa yanar ido. Na same shi da magogi a cinya yana goge goro, tunda haƙora sun ƙi, yana ta murna wai ya sake ganin wasalin Alƙur'ani ba tare da jikarsa ta nuna masa ba. Mun taɓa maganar fansho, yadda kuɗin wata ba ya kai buhun shinkafa da yadda ake tsayar da tsofaffi a rana don tantancewa, abin da nake ganin bai dace da ƙasar da suka yi wa hidima ba. Daga nan muka koma lissafin abokanmu na kwalejin horar da malamai, muka yi wa waɗanda suka riga mu addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Da dare an yi tuwon dawa da miyar kuka, an rage mini gishiri saboda hawan jini, na ci na sha magani. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta wa yaron iyakokin gonar da sunayen maƙwabtanta a takarda, in sa hannu a gaban ƙannensa da mai unguwa.