Tarihin fari da damina a duwatsun Abzin: wuraren da muka yi tuntuɓe

Duk mai son bin tarihin ruwan sama a duwatsun Abzin da littafin ma'aunin ruwan sama na Agadas yake farawa, domin shi ne mafi daɗewa a yankin, ya kai kimanin shekara ɗari. Mu ma da shi muka fara, kuma a nan muka tafka kuskuren farko: lissafin gari guda muka ɗauka muka shafa wa dutse gaba ɗaya. Agadas a gindin dutse take, tsayinta daga teku mita 500 ne da 'yan kai, alhali ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022. Hadarin Yuli da Agusta yakan juye a kan tudu ya tsallake gari, ko ya jiƙa kwari ɗaya ya bar maƙwabcinsa cikin ƙura. Ruwan kuma raguwa yake yi in ka nufi arewa da gabas, abin da Iferwan ke samu bai kai na Agadas ba. Saboda haka ƙannena, in kun rubuta adadi, ku rubuta sunan wurin da aka auna shi a gefensa.

Abin da littafin ya nuna a dunƙule gaskiya ne. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 an sha ruwa, daga wajen 1968 zuwa 1974 aka shiga fari, sannan na 1984 ya zo ya fi muni, shekarar da Agadas kusan ba ta ga ruwa ba. Inda muka kauce shi ne da muka mai da shekarun 1950 mizani, duk shekarar da ta gaza su muka kira ta fari. Ashe su ɗin ne baƙi. Haka ma matsakaicin lissafi yana ruɗi a ƙasar da ruwanta ba shi da tabbas: damina biyu masu ƙarfi cikin goma sun isa su ɗaga shi sama da abin da mai lambu ke gani a yawancin shekaru. Ku jera shekarun daga ƙarama zuwa babba ku ɗauki ta tsakiya, ita ta fi kusa da gaskiyar ƙasa.

Kuskuren da ya fi cin mu lokaci shi ne haɗa ambaliya da damina mai albarka. A farkon Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta ɓalle ta rushe gidaje da yawa a Agadas. Mai karanta labarin daga nesa sai ya ce shekarar ruwa ce, amma ambaliya ba ta tabbatar da hakan. Dutsen Abzin ba ya shan ruwa; abin da ya sauka cikin awa biyu a kan fako da duwatsu tattaruwa yake ya gangaro lokaci guda, ya kwashe lambuna ya wuce fili. Abin da ke cika rijiya shi ne ƙorama ta yi ta gudu a hankali, sau da yawa cikin damina, yashin gindinta yana tsotsewa. Lambunan Timiya da Tabelot, da dabinonsu da lemu da albasa, a kan wannan ruwan na cikin yashi suke rayuwa. Don haka ku riƙa ƙirga kwanakin da ƙorama ta yi gudu da awoyin da ta ɗauka, kada ku tsaya ga milimita kaɗai.

Awon rijiya yana da ƙa'ida, kuma rashin bin ta ya sa muka zubar da lissafi mai yawa. A yi alama ɗaya a bakin rijiya da fenti ko ƙusa, kullum daga nan za a saki igiya mai ɗan ƙarfe a bakinta har a ji ta taɓa ruwa. A auna da asuba kafin a tayar da inji, domin awon rana ramin da injin ya yi kake aunawa. Sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci: ƙarshen bazara, lokacin da ruwa ya fi nisa, da watan Oktoba bayan ƙoramu sun tsaya. Sannan a rubuta da me ake jan ruwan. Rijiyar da a da raƙumi ko sa ke ja mata guga, yau injin ban-ruwa ke zuƙe ta saboda albasar kasuwa, tana iya yin ƙasa ko da sama ba ta gaza ba. Wanda bai rubuta shekarar da inji ya shigo kwarin ba, zai ɗora wa fari laifin fetur.

Ma'aunin ruwan sama ma haka: gwangwani mai miƙaƙƙen gefe, a kan turke kamar mita ɗaya, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan murabba'in mita. A duba kowace safiya a lokaci guda, a ɗiga ɗan mai a ciki don rana kada ta shanye. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta 0, ranar da ba a duba ba a bar gurbi. Cakuɗa waɗannan biyun ya ƙirƙiro fari da yawa a kan takarda.

Sai maganar tsofaffi. Ba da shekarar Turawa suke lissafi ba, da sunan yunwa suke yi, kuma yunwa ba kullum 'yar fari ba ce. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 fari ne sosai. Ta 1931 a Nijar fara ce ta cinye amfani, ga haraji a kai. Muda ta 1953 zuwa 1954 a ƙasar Hausa ruwa ne ya yi yawa ya lalata gero. Wannan ya shafi Abzin kai tsaye, domin ayarin Abzinawan Kel Ewey gishiri da dabinon Bilma da Fashi yake kaiwa kudu ya sayo gero a Damargu da Kano. In gero ya yi tsada can, tukunyar Timiya ta ji a jikinta ko da ƙoramarta ta yi gudu. A 1984 abu biyu suka haɗu, ga fari ga rufe iyakar Nijeriya, shi ya sa a Nijar ake kiran yunwar El-Buhari. In dattijo ya ce "shekarar wahala", ku tambaye shi dalla-dalla: Baba, ƙorama ta zo? Rijiya gaba nawa ce? Raƙuma ne suka mutu ko hatsi ne ya ɓace a kasuwa? Kango ma kada a yi saurin jingina shi ga fari. Bayan yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawa da ya yi wa Faransa tawaye a 1916 zuwa 1917, sojojin Faransa sun kwashe mutane daga ƙauyukan dutse da yawa.

Zamanin da kuwa, kowa ya san Sahara ta taɓa yin kore. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus, babbar ta haura mita 5, shaida ce. Amma mun daɗe muna faɗinsa kamar damina ɗaya ce doguwa. Maƙabartar Gobero da ke hamadar Tenere ta nuna akasin haka: masunta sun zauna bakin tafki mai giwan ruwa da kada da dorina daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, tafkin ya ƙafe kusan shekara dubu, sannan wasu mutanen daban suka zauna daga wajen 5200 zuwa 2500. In za ku aika samfuri a gwada shekarunsa, gawayin murhu ya fi ɓawon katantanwa aminci, domin katantanwa takan sha tsohon sinadarin kabon da ke narke cikin ruwa, sai gwaji ya ƙara mata shekarun da ba nata ba.